Wa zai haɗa mana hoton Giginya?

Mai karatu, wataƙila ka taɓa ganin wasan nan a hannun yaran makarantun kuɗi, ko a wani fim ɗin Turawa inda za ka ga tsohuwa ta duƙufa kan tebur kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Hoto ne ake bugawa a jikin kwali mai kauri, sai inji ya yayyanka shi gutsi-gutsi, kowane gutsure da 'yan kunnuwan sa da 'yan ramukan sa, a zuba a akwati a girgiza. Aikin ka shi ne ka maida hoton yadda ya ke. Su na ce masa jigso, mu kuma mu ce wasan haɗa hoto. Na yara ba ya wuce gutsure 20 ko 50. Na manya kuwa ya kan kai 500, ko 1,000, har fiye.

Asalin sa ba don wasa aka yi shi ba. Wani mai zanen taswira ne a Landan, John Spilsbury, wajen shekarun 1760, ya riƙa manna taswira a kan katako ya na bin iyakokin ƙasashe da zarto ya na yankawa, don 'ya'yan masu hali su koyi inda Faransa ta tsaya da inda Jamus ta fara. Ka riƙe maganar zarto da taswirar nan, za mu dawo kan ta.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne yadda mutanen ƙasar Ailan su ka mayar da wannan wasa wata hanya ta tuna gwagwarmayar su da Ingila. Su kan buga hoton takardar shelar 'yancin su, ko babban gidan wayar birnin Dublin, ko fuskar Michael Collins, a yanka a sayar. Kasuwar irin waɗannan kaya ta buɗe sosai a 2016, lokacin da boren su na 1916 ya cika shekara ɗari. Ɗaya daga ciki ya shigo gidan mu a Wurno ta hannun wani ɗan yayana da ke karatu can, ya kawo wa ƙannen sa tsaraba. Gutsure dubu ne cif. A tsakiya takardar shela, kewaye da ita fuskokin mutum bakwai da su ka sa mata hannu, can baya kuma gini na cin wuta, hayaƙi ya turnuƙe sama.

Mun shimfiɗa tabarma a zaure, mu ka ɗora faifan katako, mu ka zazzage. Kwana shida mu ka yi a kai, da ni da yara huɗu. Wanda ya san wasan ya san da kusurwa huɗu ake farawa, sannan gefe-gefe, sannan a shiga ciki. Fuskoki ba su da wuya. Gashin baki ya na kiran ɗan'uwan sa. Rubutun shelar ne ya fara ba mu ruwa, don sai ka karanta rabin kalma sau goma ka na neman sauran rabin. Hayaƙin kuwa, kai, Allah ya raba ka da hayaƙi! Gutsure kusan ɗari biyu duk launi ɗaya.

To amma ga abin da na lura da shi. Kafin kwana na huɗu, wata yarinya 'yar aji biyar ta na cewa, “Baffa, miƙo min kunnen Pearse,” kamar wani maƙwabcin mu. Ba wanda ya zaunar da ita ya ce ta haddace. Hannun ta ne ya haddace mata. Kuma da yake yaro ba ya riƙe abu bai tambaya ba, dole na koma na karanto labarin don in sami abin faɗi.

Labarin kuwa, mai karatu, ko marubutan mu na soyayya sai su sara masa. Ran Litinin 24 ga Afrilu, 1916, wasu 'yan kishin ƙasa su ka kame gidan wayar Dublin da wasu gine-gine, Patrick Pearse ya tsaya a ƙofa ya karanta shelar cewa Ailan ta zama jamhuriya. Malamin makaranta ne shi, kuma mawaƙi. Biyu daga cikin abokan sa hannun sa, Thomas MacDonagh da Joseph Plunkett, su ma mawaƙa ne. Kwana shida aka yi ana ɓarin wuta, Ingila ta kawo igwa ta ragargaza tsakiyar birnin, mutum kusan 500 su ka mutu, fiye da rabin su ba su ji ba ba su gani ba. Da 'yan boren su ka miƙa wuya, wasu mutanen gari har ihu su ka bi su da shi. Sai Ingila ta tafka wauta: ta shiga harbe shugabannin ɗaya bayan ɗaya a kurkukun Kilmainham. James Connolly bai iya tsayuwa saboda rauni, aka ɗaure shi a kujera aka harbe. Plunkett kuwa an ɗaura masa aure da masoyiyar sa Grace Gifford a cikin kurkukun, 'yan sa'o'i kafin a fitar da shi. Daga nan zukatan jama'a su ka juya. Yaƙin sunƙuru ya biyo baya daga 1919 zuwa 1921, aka yi yarjejeniya a Disambar 1921. Wanda ya kalli “Michael Collins” na 1996, wanda Liam Neeson ya fito a ciki, ko “The Wind That Shakes the Barley” na Ken Loach na 2006, ya ga wannan zangon. Af, akwai ma wani ɗan zare da ya haɗa su da mu: Roger Casement, wanda aka rataye a Landan a Agustan 1916 saboda wannan bore, ya taɓa yi wa Ingila aiki a Kalaba a shekarun 1890.

Ana cikin kwana na biyar ne wani kawun mu, tsoho mai shekaru tamanin da ɗoriya, ya shigo zauren ya tsaya a kan mu da sandar sa.

“Ɗan nan, su wane ne waɗanga da kuka ta wahala da su tun shekaranjiya?”

Na ce, “Kawu, mutanen Ailan ne, waɗanda su ka yaƙi Ingila.”

“Ingila wadda taz zo nan?”

“Ita fa, Kawu.”

Ya yi shiru, ya duƙa ya ɗauki gutsure ɗaya ya jujjuya. Sannan ya ce, “To, su sun yi ma nasu kwali. Ku mi kunka yi ma naku?” Ya juya wajen yaran ya tambaye su mece ce Giginya. Ɗaya ya ce filin ƙwallo, ɗaya ya ce otal, babban su ya ce barikin soja. Duk sun faɗi gaskiya, akwai su a Sakkwato da wannan suna. Tsohon bai ce komai ba, ya ajiye gutsuren ya fita.

Tambayar Kawu ce na kawo maka, kai mai sayen littafi da kallon fim. Don namu labarin bai gaza nasu ba ko kaɗan. Watsewa kawai ya yi, kowane gutsure na hannun wani. Bari in tsinto maka waɗanda ke kusa da ni.

Wurno kan ta gutsure ce babba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa ta wajen 1830 a matsayin ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, ta na kallon fadamar Rima da hanyar Gobir. Nan ya fi zama a ƙarshen rayuwar sa, nan ya rasu a 1837, nan hubbaren sa ya ke. Ɗan sa Aliyu Babba ma a nan ya yi fadar sa, shi ya sa da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo a 1853, a Wurno ya yi zaman makonni. Ka ga ke nan tsawon shekaru, in ana maganar inda ake yanke shawarar daular da ta kai har Adamawa da Ilori, wannan garin namu na shinkafa da albasa ake nufi.

Sai 1903. Kano ta faɗi a farkon Fabrairu. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu bai fi wata biyar a kan gado ba. Manya sun kasu: wasu na ganin a yi sulhu, wasu a yi yaƙi, wasu a yi hijira tun kafin Nasara su iso. Ran 15 ga Maris aka fita bayan ganuwar Sakkwato, a filin Giginya, dawaki da masu da takubba da kibau su ka fuskanci bindiga mai ruwa da igwa a ƙarƙashin Kanar Morland. Kafin rana ta take an gama. Waɗanda su ka tsaya kan tuta su ka mutu a gindin ta.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi taɓa ni, kuma a ƙasar mu ta Wurno aka yi shi. Attahiru ya yi gabas. Waziri Buhari kuwa ya tsaya wajen Marnona da jama'a birjik, mata da yara da tsofaffi, ba abinci, ba inda za a dosa. Ya tara malamai aka yi shawara, aka ga ya halatta a koma a zauna da mai ƙarfi a zahiri don a tsare addini da rayukan mutane. Ya koma Sakkwato. Ran 21 ga Maris Lugga ya tabbatar da wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba, a matsayin Sarkin Musulmi. Daga baya Waziri ya rubuta wasiƙa zuwa ga ma'abota ilimi ya na bayyana dalilin sa, kuma wanda ya san labarin wasiƙar ya san ba da sanyin zuciya aka rubuta ta ba. Ka duba fa: mutum biyu, Sarki da Wazirin sa, duk masu ilimi, duk masu tsoron Allah, ɗaya ya tafi ɗaya ya tsaya. In kai marubuci ne ba ka ga littafi a nan ba, to ina za ka gan shi?

Attahiru ya ci gaba da tafiya, jama'a na barin gonaki su na bin sa, har abin ya firgita Turawa. Manya irin su Sarkin Misau Ahmadu, da Etsu Nupe Abubakar, da Magajin Keffi Ɗan Yamusa duk sun haɗu da shi. A Burmi, cikin Jihar Gombe ta yau, aka kori Turawa a karon farko cikin Mayu. Su ka dawo da ƙarfi ran 27 ga Yuli, 1903. Nan Attahiru ya yi shahada da ɗaruruwan mutane, nan kuma Manjo Marsh da ya jagoranci harin ya faɗi. Tutar Sarkin Musulmi ta tafi hannun Turawa, sai a 1960 aka maido ta Sakkwato.

Wani gutsuren kuma ya yi tsalle ya faɗa nesa. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello, wanda ake wa laƙabi da Mai Wurno, ya ja waɗanda su ka tsira su ka bi hanyar alhazai har ƙasar Sudan, su ka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Garin na nan har gobe, sunan sa Mai Wurno, jikokin su na ciki. Wato akwai wata Wurnon a Sudan, kuma yara nawa ne a Wurnon Sakkwato su ka san da ita? Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya kai jihar Sennar a 2024, mu na jin sunayen garuruwan a rediyo kamar na baƙi, alhali dangi ne.

Daga Wurno ka gangara Rabah, sai ka tsinci ɗaya bakin zaren. A nan aka haifi Ahmadu Bello, shekaru kaɗan bayan Giginya, ɗan Sarkin Rabah Ibrahim, jikan Sarkin Musulmi Atiku na Rabah, tattaɓa-kunnen mai hubbaren Wurno. Ya yi Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya zama hakimin Rabah a 1934, Sardauna a 1938, Firimiyan Arewa a 1954. Shi bai yaƙi Ingila da takobi ba, da takarda da taro ya bi ta. Da aka zo ba Arewa mulkin kai, ranar da aka zaɓa ita ce 15 ga Maris, 1959. Lissafa ka gani: shekara 56 daidai da ranar Giginya. Ba haɗuwar sa'a ba ce, da gangan aka ɗora ranar kan ranar. Mutumin ya san abin da ake nufi da haɗa gutsure da ɗan'uwan sa.

Yanzu da a nan zan tsaya, da hoto ya yi kyau: Bello ya gina, Attahiru ya yi shahada, Sardauna ya karɓo. A buga a kwali, a sayar, kowa ya yi barci. To amma wasan haɗa hoto ya na da wani hali da ya kamata mu yi hattara da shi. Hoton da za ka haɗa an riga an buga shi a murfin akwati. Wani ne ya zaɓa maka. Duk gutsuren da bai shiga hoton sa ba, ba ya ma cikin akwatin balle ka neme shi.

Su kan su mutanen Ailan haka su ka yi. A kwalin da mu ka haɗa ba ka ganin matan Dublin da su ka yi wa 'yan bore ihu don mazan su na can su na yi wa Ingila yaƙi a Faransa. Ba ka ganin yaƙin basasar 1922 zuwa 1923, inda abokan jiya su ka juya wa juna bindiga kan yarjejeniyar da Collins ya sa wa hannu, har aka harbe shi a Agustan 1922, ya na ɗan shekara 31, a yankin da aka haife shi. Kuma ba ka ganin cewa zarto ya bi ta kan tsibirin: gunduma 6 cikin 32 su ka zauna a hannun Birtaniya, su na nan har yau. Finafinan da na ambata sun fi kwalin gaskiya, don su ba su tsallake basasar ba.

Mu ma zarton ya bi ta kan mu, kuma daga Goronyo ake fara jin zafin sa. Ka bar Wurno ka bi Rima sama, ka wuce Goronyo da madatsar ruwan ta da aka gama a 1984, ka nufi Sabon Birni, ka shiga tsakiyar ƙasar Gobir. Can kufan Alƙalawa ya ke, birnin da ya faɗi a 1808. Gaba kaɗan sai a ce maka ka tsaya, nan Nijar ce. Wa ya ce? A 1898 Ingila da Faransa su ka zauna a Faris, aka kafa tsinke a kan Sakkwato a taswira aka zana baka mai nisan mil 100, aka ce ciki na Ingila, waje na Faransa, tun kafin ko ɗayan su ya ci garin da yaƙi. Aka sake gyara layin a 1904 da 1906. Shi ya sa Tsibiri ke can, Sabon Birni ke nan, gida ɗaya, wasu na cewa kwabo wasu na cewa dala. Spilsbury ya yanka katako, waɗannan mutane su ka yanka.

Sannan ka tambayi Bagobiri yadda ya ke ganin ribaɗin Wurno. Kakan sa aka gina shi don a tare. Yaƙin Gawakuke na 1836, wanda littattafan mu ke kira nasara, a gidan sa wani suna gare shi. An yi auratayya, an zama ɗaya, wasan Gobirawa da maƙwabtan su ma ya ishe ka shaida, amma in za a buga hoton ƙasar nan aka bar shi a waje, to ba hoton mu ba ne. Haka bayin da ke rinji, waɗanda da yawan su su ka ga zuwan Nasara a matsayin ranar da za su kama hanyar gida. Haka sojojin da su ka harba bindiga a Giginya: Turawan cikin su 'yan kaɗan ne, sauran baƙaƙe ne, da yawa Hausa su ke ji. Haka 'yan NEPU, su Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba, waɗanda su ka sha ɗauri su na cewa 'yancin da bai kai ga talaka ba saura ne. Kuma Sardaunan da mu ke alfahari da shi, shi ne a 1953 ya nemi a sassauta ƙudurin Anthony Enahoro na neman mulkin kai a 1956, don ya na ganin Arewa ba ta shirya ba, har aka yi masu ihu a Ikko. Ni ina ganin ya na da hujja, wani na ganin ba shi da ita. Duk biyun gutsattsari ne, a zuba su a akwatin.

Na san abin da wani zai ce: “Malam, ka bar tone-tone, a zauna lafiya.” Ni kuwa na ce rashin tonon bai zaunar da mu lafiya ba. Yaron da aka ba hoto mai santsi, ran da ya ji wani ɓangaren a bakin maƙiyi ko a wayar salula, sai ya watsar da duka, har da gaskiyar da ke ciki.

To ina 'yan fim da marubuta? Ku ne fa na ke yi da ku. Ba wanda zai ce mutanen mu ba su son irin wannan labari. Gidan da ba a kalli Umar Mukhtar ba a ƙasar Hausa sai an tona. Fim ɗin 1981 ne, amma har yau yaro zai kwatanta maka yadda gilashin tsohon ya faɗi. Mun yi kuka don Libiya. Mun tafa wa Amitabh a “Mard”, mun tafa wa Aamir Khan a “Lagaan” da ya ci Turawa a wasan kurket. Attahiru kuwa, wanda ya riga Umar Mukhtar shahada da shekara 28, ko fosta ba shi da ita. A adabi ma tun “Ganɗoki” na Bello Kagara, na gasar 1933, wanda ya taɓo faɗa da Turawa, ba mu cika komawa wannan fagen ba. Adamu Halilu ya nuna a “Shaihu Umar” na 1976 cewa ana iya ɗaukar zamanin da a fim ɗin Hausa ya yi kyau. Daga “Turmin Danya” na 1990 zuwa yau an yi finafinai dubbai, amma nawa ne su ka leƙa 1903?

Ba na ɗora laifin duka a kan furodusoshi. Fim ɗin tarihi kuɗi ne: dawaki, lifidi, ganuwa, ɗaruruwan 'yan rakiya. Ga tsoron fada, ga tsoron malamai, ga tambayar wa zai fito a matsayin Sarkin Musulmi alhali jiya an gan shi ya na rawa da wata a gindin bishiya. Waɗannan dalilai ne na gaske. Shi ya sa ma kwalin nan ya burge ni, don shi ba ya bukatar ko doki ɗaya. Mai zane ɗaya, maɗaba'a ɗaya irin waɗanda ke buga kalandar 'yan siyasa a Kaduna da Kano, da injin yanka. In injin ya gagara, kafinta da falange da siririn zarto sun isa a yi na aji guda, kamar yadda aka fara a Landan.

Batun fuska kuwa, ba sai an zana fuskar kowa ba. Mu koma asalin wasan, mu yi taswira. A zana Rima ta na gangarowa ta Goronyo da Wurno, gulbin Sakkwato ya na bi ta Rabah, su haɗu. A sa hubbaren Bello, a sa giginyar, a sa inuwar da malamai su ka zauna a Marnona, a ja jan layi ya ratsa ƙasar Hausa har Burmi, ya ƙetare Chadi ya tsaya a bakin Nilu. A sa kufan Alƙalawa, a sa bakan nan na mil ɗari. A rubuta sunayen da boko da ajami, don almajiri ma ya sa hannu. Masu ilimin na nan: akwai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai Gidan Arewa a Kaduna, akwai sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, akwai littafin Murray Last na 1967 da rubuce-rubucen Waziri Junaidu kan sa. Abin da ya rage shi ne a sauko da shi daga kanta zuwa tabarma.

Kuma da gaggawa a cikin maganar. An cire darasin tarihi daga ƙananan makarantun ƙasar nan wajen 2009, aka shafe shekaru kafin a dawo da shi. Waɗanda su ka tashi a wannan giɓin su ne iyaye matasa a yau. Tsofaffin da su ka ji labarin daga bakin waɗanda su ka gani da ido su na ƙarewa. Gabashin Sakkwato kuma ka san halin da ya shiga. Ambaliyar 2010 ta ci ƙauyuka a Goronyo da Wurno. A Oktoban 2021 'yan bindiga su ka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, aka rasa mutum fiye da 40. Ƙauyen da ya watse ba gidaje kaɗai ke tafiya ba. Tsohuwar da ta san wa ya haƙa rijiyar gari, da akwatin takardun liman, da sunan kowace gona, duk su na bin iska. Wanda ke kwana a makarantar firamare a matsayin ɗan gudun hijira ba ya zaman ba jikoki tarihi.

Saura gutsure ɗaya da na ajiye, don shi ne na tabbata za a yi gardama kafin a yarda ya shiga. Kudu da Sakkwato, tafiyar 'yan mil kaɗan, akwai wani gari da ake kira Satiru. A Fabrairun 1906 mutanen sa, talakawa da bayin da su ka gudo, ƙarƙashin Malam Isa da wani malami makaho da ya ƙetaro daga ƙasar Faransa, Ɗan Makaho, su ka ƙi biyan haraji, su ka tari rundunar Turawa da fartanya da gatari da baka. Su ka kashe Turawa uku da sojoji fiye da 20, abin da rundunar Giginya ba ta yi ba. Ran 10 ga Maris aka dawo masu, kuma wannan karon da taimakon mahayan sarakunan mu. An ƙiyasta mutum 2,000 aka kashe. Aka kwashe mata da yara, aka rushe garin, aka yi baki ga duk wanda ya sake gini ko noma a wurin.

A taswirar da na ke kwatanta maka, mai zane ba zai sami abin zanawa a Satiru ba. Ba hubbare, ba ganuwa, ba kasuwa. Gutsuren zai fito fili ne kawai, ruwan ƙasa, irin waɗanda yaro ke turewa gefe sai ya gama sauran, sannan ya ɗauko ya na jujjuyawa ya na tambayar Baffan sa me ya sa wannan ba komai a jikin sa.